Ramin Uwar Ɗaki

A ɗakin gilashi na gidan adana tsirrai, inda ake renon itatuwan dazuzzuka masu ruwa da zafi, akwai wata bishiyar kwakwa da ma'aikata ke kira Uwar Ɗaki, domin kowa bauta yake mata. Kawu, tsohon mai kula da ɗakin, shi ya dasa ta a wata ƙatuwar tukunyar katako tun tana kai masa gwiwa. Ita kuwa ba ta san kunya ba, ta yi ta miƙewa har ganyenta ya fara goga rufin.

Kwakwa ba a rage mata tsawo. Wurin tohonta ɗaya ne tal, can a ƙoli, in aka sare shi ta mutu. In an bar ta kuma ta fasa gilashi, sanyin waje ya shigo ya kashe ayaba da barkonon daji da sauran 'yan lelen da ke ƙarƙashinta. Sai Kawu ya ɓullo da dabara: duk shekara a ɗaga tukunyar da sarƙa, ya shiga ramin da ya haƙa a ƙarƙashinta ya ƙara masa zurfi, a sauke ta. Ita tana hawa, shi yana nutsewa. Shugabanni nawa suka zo da maganar zarto, ya tsaya kai da fata har suka haƙura.

Bana ma da hantsi ya sauka ramin. Zufa ta jiƙa shi sharkaf, tururin ɗakin ya toshe masa numfashi, ƙugunsa yana ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Ya ɗaga diga ya sauke, sai ta yi tsalle, hannunsa ya ɗauki zugi har kafaɗa. Ya gwada gefe, ya gwada tsakiya, duk dutse ne shimfiɗe.

Ya zauna a kan dutsen yana haki. Ya jira baƙin ciki ya zo, amma abin da ya ji sauƙi ne, sauƙi mai daɗi har cikin ƙashi. Kunya ta kama shi.

Sabuwar shugabar gidan, wadda a haife ya haife ta, ta leƙo daga bakin ramin.

"Sannu, Kawu. Me ya faru na ji shiru?"

"Dutse ne, ranki ya daɗe. Ƙasa ta ƙare."

Ta ɗaga kai ta dubi rufin, ta dubi tsohon. Ita ba irin na baya ba ce, tana son bishiyar, tana kuma ganin girmansa.

"Kada ka damu. Akwai masu injin fasa dutse, gobe sai in kira su. Su fasa, kai ka kwashe, ka ci gaba yadda ka saba."

Kawu ya dubi tafin hannunsa da ya yi kanta. Ya hango baɗi, da baɗin baɗaɗa, shi a cikin rami da shebur, ita tana ta toho abinta. Da mugun shugaba ne ya ce a sare, da ya sami wanda zai yi wa faɗa, ya kuma sami wanda zai ɗora wa laifi. Wannan kuwa ta bar masa zaɓi, kuma ya ji haushin kirkinta.

"Kada ki kira su," ya ce. "A kawo zarto."

"Kawu! Kai da bakinka? Ai lafiyarta ƙalau."

"Ita kam ƙalau take, 'yata." Ya miƙo mata hannu. "Taimaka ki jawo ni, ba zan iya fitowa da kaina ba."