Mai Alli da Mai Tiyo

Muƙaddas ya iso Sabha a shekarar 1979, lokacin da arzikin mai ya sa ko'ina ka duba a Libiya gini ake, ana shimfiɗa titi, ana buɗe gonaki a tsakiyar hamada. Bazazzagi ne, ya gama makarantar koyon sana'a da takardar kanikanci, kuma burinsa ya zama injiniya. Wani ɗan garinsu ya yi masa hanya a wata masana'anta da ke bayan unguwar Manshiya, inda ake kawo motocin a-kori-kura daga bakin teku ba ƙofa ba gilashi, a ƙarasa haɗa su, a miƙa wa gonakin.

Aka damƙa shi a hannun Muhandis Miftah, injiniyan da ke duba kowace mota kafin ta fita. Mako shida yana bin bayansa. Ya koyi rufe ƙofa da yatsa biyu don jin zamanta, da gwada kowane noti, da kwanciya a ƙarƙashi yana bin bututun birki da ido. In Miftah ya ga laifi, kira ɗaya yake yi, Attahirou shugaban makanikai ya taho da gudu. Amma Attahirou, mutumin garin Tawa mai furfura a gemu, ba zai bar rumfarsa ta gyara don kiran ɗan koyo ba. Shi ya sa ranar da aka bar wa Muƙaddas aikin, Miftah ya miƙa masa alli mai ruwan ɗorawa.

"Ka zagaye laifin da wannan," in ji shi da Larabcin da Muƙaddas ya fara tsinta. "Direba ya kai rumfa, su gyara, ta dawo maka."

Rana ta farko ya zagaye ƙofar da ba ta zauna ba, da fitilar da ke haska sama. Washegari motar ta dawo, ƙofa na nan yadda take, fitila na kallon taurari. Ya sake zagayewa, ya danna allin sosai. Ta sake dawowa haka. Kafin mako ya ƙare fili ya cika da motocin da ya ƙi sallama, Miftah kuma ya fara duban filin yana duban Muƙaddas.

A rana ta tara haƙurinsa ya ƙare. Ya doshi rumfar, ya tarar da Attahirou a kan injin.

"Malam Attahirou, don Allah me na yi muku? Sau uku ina mayar da mota ɗaya!"

Attahirou bai ɗago ba. "Wace mota?"

"Wadda na zana wa ƙofa."

"Yaro, abin da munka gani da alli mun gyara. Wadda ba ta da alli, mi za mu gyara mata? Mota ta zo mini fes kamar amarya, in kama ta da duka?"

"Da hannuna na zana!"

"To hannunka ka tambaya."

Makanikai suka kwashe da dariya. Muƙaddas ya fito yana huci, ya tabbata haɗa baki suka yi don shi baƙo ne. Ya zaɓi mota guda, ya zagaye laifinta da da'ira uku-uku, ya ce wa direba ya ja, shi kuma ya bi bayanta a ƙafa cikin rana.

Direban bai nufi rumfa ba. Ya zagaya bayan gini ya tsaya a wurin wanki, don doka ce mota ba ta shiga rumfa da yashi a jikinta. Nan wani dattijo siriri, Barka, ɗan wajen Bilma, ya taso da tiyo da soso. Bai fara ta ko'ina ba sai kan allin.

"Baba! Baba, tsaya!"

Barka ya juyo, ransa a ɓace. Ba Bahaushe ba ne, Hausarsa ta kasuwa ce. "Ka gani? Kullum haka. Wani maras aiki yana zane-zane a mota sabo. Ni wanke, gobe ya sake. Yau har uku-uku ya yi. In na kama shi!"

Muƙaddas ya dubi allin da ke hannunsa. Barka ma ya duba. Ruwa na ta zuba a ƙasa.

"Kai ne?"

"Ni ne, Baba. Aikina ke nan. Ni nake duba laifin mota."

"Kai mai duba laifi?" Barka ya yar da soson. "To don me ba ka ga ruwa?"

Ya buɗe ƙofar direba, ya ɗaga shimfiɗar ƙasa. Wurin a jiƙe yake. Ya nuna kusurwar gilashin gaba ta hagu, inda roba ta ɗan tashi, ɗigo na bin ciki. Ya ce kusan duk motar da ya wanke haka take yi, shi kuma yakan goge da tsumma.

"Me ya sa ba ka faɗa wa kowa ba?"

"Wa ya tambaye ni?"

Muƙaddas ya kira Muhandis, Attahirou ma ya biyo baya don ya ji ƙarshen rigimar. Da aka gama labarin alli, Attahirou ya yi dariya har ya dafa bango. Amma da aka zo maganar ruwa sai ya tsuke fuska.

"Ruwa a Sabha? Shekarata huɗu nan, ban ga ruwan da ya jiƙa hulata ba. Mu cire gilashi don wannan?"

Miftah ya sa yatsa a ƙarƙashin robar. Ya ce inda ruwa ya bi, nan yashi zai bi, kuma daidai wurin wayoyin mota suke. Sannan ya juya ga Muƙaddas, wanda ya ɗan gyara tsayuwa yana jiran yabo.

"Kwana tara," in ji Miftah. "Kwana tara kafin ka bi mota ɗaya da ƙafarka. Duk motocin filin nan za a gwada. Barka ya watsa ruwa, kai ka zauna ciki, gilashi a rufe, ka ga inda yake shiga."

Mota talatin da huɗu ce, kuma watan Yuni ake ciki. Muƙaddas yakan shiga ya rufe, ƙarfe ya ɗauki zafi kamar tanda, Barka kuwa ba ya gaggawa. Sai ya gyara tiyo, ya kurɓi shayi, ya gaisa da mai wucewa. Muƙaddas ya buga gilashi, dattijon ya ɗaga masa hannu alamar ya yi haƙuri. Duk wadda ta yi yoyo, Attahirou ya cire gilashi yana mita, ya zaunar da roba, a sake shiga a sake watsawa.

A rana ta uku, a wata mota da aka riga aka gyara, Muƙaddas ya ga ɗigo a shimfiɗa. Ya fito yana faɗa.

"Malam Attahirou, wannan ma ba ku yi ta daidai ba!"

Attahirou ya zo, ya shafa robar, a bushe. Ya dangwali ɗigon ya kai harshe, ya tofar.

"Gishiri," in ji shi. "Zufarka ce, injiniya. Ita ma mu gyara?"

Muƙaddas ya share goshinsa. Ya karɓi tiyon daga hannun Barka ya sakar wa kansa ruwa, da riga da komai, sannan ya shiga mota ta gaba.

Kwana huɗu aikin ya ci, ashirin da shida aka samu da yoyo. Daga nan Miftah ya sa aka riƙa wanke mota kafin dubawa, ya kuma ce kowace safiya Muƙaddas ya fara zuwa wurin wanki ya ji abin da Barka ya gani. Barka kuwa ya samu mai saurare. Wani lokaci laifin mota yake faɗa, wani lokaci labarin raƙuman mahaifinsa, kuma ba ya yarda a katse shi.