Abin da Agbada ta Rufe

Sau huɗu Muraina mai faci yana rufe rumfarsa a Oke-Ado yana zuwa ofishin masu sa ido kan gidajen tsofaffi kafin a yarda a rubuta ƙorafinsa. Maganar kuwa ba ta da tsawo: yayansa, Baba Salawu, yana ruɓewa da ransa a gidan kula da tsofaffi.

Shekara biyu ke nan da ɓarin jikin Baba Salawu ya shanye. 'Ya'yansa uku da ke Landan suka kai shi gidan, suka kaɗe hannu, wai sun sauke haƙƙin uba. Duk Lahadi sai su kira ta bidiyo, a kara masa waya a fuska, su ce Baba ya yi kyau. Waya ba ta jin wari. Muraina ne ke jin sa. Wata nas ta gaya masa mai irin wannan kwanciya juya shi ake yi duk awa biyu, a goge, a busar, in ba haka ba fatar ƙugu ta mutu, gyambo ya ci har ƙashi. Muraina kuwa ya sha yini a ɗakin, babu mai leƙowa sai mai kawo amala.

Tun saura kwana uku aka sanar da gidan cewa mai bincike zai zo. Ina aka taɓa aika wa ɓera takarda cewa kyanwa na tafe? Ranar binciken, Muraina ya tarar an jera tsofaffi a baranda kamar masu jiran biki. Baba Salawu na tsakiya a keken guragu, an zuba masa agbada, babbar riga ta saƙi mai nauyi, an karya masa hula. Gumi yake yi yana cije leɓe, don a kan gyambon aka zaunar da shi.

Madam Ibironke, mai gidan, ta tari Muraina da murmushin haƙori.

"Baba mai faci, yau babu aiki ne? Ko iskar ta ƙare?"

"Tana nan, Madam. Na ga ke ma an buga miki."

Mai binciken, Mista Adegoke, saurayi ne da taye da jakar takardu. Yana ganin furfura ya ajiye jaka, ya kwanta rub da ciki a gaban Baba Salawu.

"Baba, ina kwananku? Ana kula da ku kuwa?"

"Mun gode Allah, ɗana," in ji tsohon da karkataccen bakinsa. "Tashi, Allah ya yi maka albarka."

To me zai ce? Mutumin da ya shekara ashirin yana shugabancin direbobin tasha, in ya yi tari kwandastoci su miƙe, shi ne zai gaya wa sa'an jikansa cewa mazaunansa na zubar da ruwa?

Madam ta kawo takardar da ake cikewa in an juya majinyaci. Babu gurbi ko ɗaya, biro ɗaya, hannu ɗaya. Muraina bai iya karatu ba, amma ya san rubutun da aka yi a zama guda. Adegoke ya gyaɗa kai, ya zaro nasa biron.

"Oga," Muraina ya ce, "takarda na ce maka tana ciwo ko mutum?"

"Baba, ai kun ji daga bakinsa."

"Na ji. Ɗaga rigar ka duba."

Adegoke ya ja da baya kamar an miƙo masa maciji. "Ni? In buɗe tsiraicin sa'an kakana? Ba haka aka rene ni ba."

"Kun ji ɗan gidan mutunci," in ji Madam.

"Muraina," Baba Salawu ya ce a hankali, "in ka taɓa rigar nan, ban yafe ba."

Muraina ya tsaya cak. Shekararsa hamsin da biyar bai taɓa kiran sunan mutumin nan ba, bai taɓa riga shi sa hannu a kwano ba. Yayan nan ne ya goya shi ranar da aka binne uwarsu. Muraina ya dubi biron nan yana kusantar takarda. In ya sauka, shi ke nan, sai dai mai wankan gawa ya gani.

Ya durƙusa ya ce, "Yaya, ku yi haƙuri." Sai ya rungumo shi kan kafaɗarsa, ya yaye agbadar har gadon baya.

Audugar da aka liƙa ta jiƙe ta zame. Ramin ya kai faɗin tafin hannu, gefensa baƙi ƙirin. Adegoke ya toshe hanci da tayensa, ya ruga bayan katanga ya yi amai. Da ya dawo, ya ce a shigar da sauran tsofaffin ɗaki a duba su ɗaya bayan ɗaya, ya kira motar asibiti. Madam ta shiga bayanin wai ma'aikatanta biyu ne suka gudu. Ko ƙuda bai saurare ta ba.

Likita ya ce da an ƙara sati biyu da dafin ya shiga jini. 'Yan Landan suka bugo suna zagin Muraina, wai ya tozarta ubansu a gaban jama'a. Ya kashe wayar ya ci gaba da bugun tayarsa.

Kullum da la'asar yana zuwa asibiti, ya juya yayansa da hannunsa, ya shafa masa mai. Baba Salawu yana bari a juya shi. Amma in Muraina ya gaishe shi, sai ya rufe ido har ya fita.