Tsahara a Bakin Rumbu

Littafi na huɗu ke nan da Khaulat ta maido mini cikin mako guda. Ta aje shi bisa tabarma da yatsa biyu, kamar wadda ta ɗauko mushen ɓera.

Ta ce, "Wannan ma ƙarya ce."

Na ce, "Duk tatsuniya ƙarya ce, amarya."

"Ta Kaka ba ƙarya ba ce."

Khaulat jikata ce, ɗiyar ɗana Sha'ibu, shekararta takwas, gida ɗaya muke a unguwar Zariya, nan Maradi. Ni kuwa shekara talatin da ɗaya na yi ina koya wa ƴaƴan mutane Faransanci a lakwal, makarantar boko, kafin in aje alli, kuma ina da akwatin ƙarfe biyu cike da littattafai, har da na yara masu hotuna da na tara tun ina saurayi. Da aka ba su hutun ƙarshen shekara na buɗe mata akwatin, abin da ban taɓa yi wa ubanta ba. Na zaɓo mata wanda na fi so: labarin daren Nowel, wato Kirsimeti, a ƙasar ƙanƙara, da tsohon nan mai jar riga da farin gemu wanda barewa ke ja wa keke a sararin sama, yana bin gidaje yana aje wa yara kyauta. Na karanta mata ina fassarawa. Da muka zo inda yake shiga gida ta kafar hayaƙi sai ta tsaida ni.

"Ba shi sallama?"

"Ba ya yi."

"To ɓarawo ne."

"Kawowa yake yi, ba ɗauka ba."

"In kawowa yake, mi ya hana shi biyo ƙofa?"

Na rufe littafin. Yara dubu nawa suka ratsa ajina, ba wanda ya taɓa tuhumar tsohon nan da sata. Na tambaye ta to me take so, tun da Turawa duka sun kasa.

Ta ce, "Tsahara na tsaye bakin rumbu tun watan azumi. Ƙafarta ta gaji."

Tsahara yarinya ce a cikin tatsuniyar da matata Tabawa take yi mata. Doguwar tatsuniya ce, gutsure-gutsure, kowace yamma bayan an ci tuwo, har wata biyu ba ta ƙare ba. Ran da ta kai Tsahara bakin wani rumbu ta ce sai gobe. Da goben ta zo asibiti muka kai ta, kwana tara ta yi can ta rasu. Likitoci sun ba ni sunan ciwon da Faransanci mai kyau, na gode musu.

Khaulat ta tambayi uwarta ƙarshen, ta ce ba ta sani ba. Ta tambayi ubanta, ya ba ta waya ta kalli zane mai motsi. Ni ba ta taɓa tambayata ba sai ranar, kuma ko ranar ba tambaya ba ce, sanarwa ce. Ta san ban sani ba. Duk yammacin da ake tatsuniyar ina nan a tsakar gidan, taku biyar tsakaninmu, na ba su baya ina karatu. Abin da na taɓa sawa a cikin labarin bai wuce "ku rage murya" ba.

Mutum ɗaya ya rage da zai iya sani: Baturiya, yayar Tabawa, a Jiratawa. A wurin kaka ɗaya suka tashi. Gidansu har yau suna riƙe da al'adun kakanni, kuma shekara goma sha ɗaya rabona da shi, tun ran da na tsaya a bikinsu na bayan girbi na kira shi duhun kai, a gaban mutane, da ƙarfi, don a san na yi karatu.

Na sayi goro da sabulu, na sa sabon kaye, littafin rubutu, da alƙalamin bik a aljihu, na hau babur ɗin kabu-kabu da hantsi. Na iske Baturiya a gindin darbejiya, da tarin zogale da aka yanko daga garka a gabanta. Ta tsufa, amma idon nan bai tsufa ba.

Na durƙusa na ce, "Yaya, ina kwana."

Ta ce, "A'a! Mushe Wada ne da kanshi? Wa ya mutu kuma?"

Mushe ake kiran malamin lakwal a nan, amma a bakinta kamar zagi ya fito. Na aje goron, na yi mata bayani a taƙaice: yarinya mai suna Tsahara, rijiya, ludayi mai magana, rumbu. Iyakar abin da na tsinta daga bakin Khaulat ke nan. Na fiddo kaye na buɗe shafin farko, har na rubuta kwanan wata a sama, halin aiki.

Ta dubi kayen, ta ɗaga kai ta dubi rana.

"Tatsuniya? Yanzu? Rana na kallonmu?"

"Yaya, minti goma ne."

"Ba a bakina ba. Mai tatsuniya da rana ɓacewa yake a kasuwa. Ni ina da kasuwa jibi."

Na ce mata ni da ita mun wuce shekarun ɓacewa a kasuwa. Ta ce ita dai ba ta yi lakwal ba, ba ta san shekarar da ake wucewa ba. In ina so, in jira rana ta faɗi. In ba ni so, ga hanya can, an sa mata kwalta.

Na zauna. Ta turo mini rassan zogale da ƙafa, ta ce hannu ba ya zama banza a gidan nan. Haka na yini ina tsige ganye cikin ƙwarya, ni da na taɓa gyara wa sufeton makarantu kuskure a gaban aji. Matan gidan suna wucewa suna gaishe ni da ladabin da ya fi zagi ciwo. Wata ta tambaya ko baƙon zai iya cin abincin gidan duhu, Baturiya ta ce a ba shi, in ya shaƙe a ɗauko mai littafi ya karanta mishi. Na ci. Kwaɗon ya yi daɗi, wannan ma ya ƙara mini haushi. Na yi azahar da la'asar a masallacin bakin hanya na komo, ba wanda ya ce mini sannu da dawowa.

Sau biyu na miƙe zan tafi. Sau biyun na tuna yarinya mai ƙafar da ta gaji, na koma na zauna.

Da rana ta faɗi aka kora awaki ciki, Baturiya ta wanke hannu, ta gyara zama. Na buɗe kaye.

Ta ce, "Rufe abin nan. Ba mu da wagga tatsuniya."

Na ɗauka kunnena ne.

"Duk tatsuniyar da kakarmu ta yi, tana cikin kaina, ko ɗaya ba ta zube ba. Babu Tsahara, babu ludayi mai magana. Ta Tabawa ce. Ita ta ƙaga abinta."

"Tabawa ba ta san ko harafi ɗaya ba."

"Da harafi ake yi? Tun muna tsaron gero a gona take ƙaga su. Tana kora tsuntsu tana ba mu labarin inda tsuntsun za shi. Yara daga gonaki uku ke baro nasu geron su zo saurare, har aka yi ta bugunmu saboda ita. Ba ta taɓa gaya maka ba?"

Abin da ya taso mini ba kunya ba ce, fushi ne, kuma ita ce a kusa.

Na ce, "Kin san haka tun da hantsi."

"Na sani."

"Kika bar ni na yini ina tsigar zogale."

"An ci da kai."

"Wannan ba tatsuniya ba ce da za ki ce sai rana ta faɗi! Kalma huɗu ce, Yaya! Ba mu da ita, shi ke nan!"

Ta ce, "Ka rage murya, Mushe, gidan mutane ne. Ƙanwata ta zo nan bara, ta zauna inda kake zaune. Na ce mata mijinki mai son labarai, yana jin naki? Ta yi dariya ta ce nashi labaran daga Faransa ake kawo mai su a kwali. Dariya ta yi. Ni ban yi ba. Na so in ga ko za ka iya zama wuri ɗaya kana jiran maganar wani. Ka iya, ashe. Tashi ka tafi, masu babur sun kusa ƙarewa."

Duk hanyar Maradi ina zagi a zuci. Na zagi Baturiya, na zagi mai kabu-kabu da ramukan da yake zaɓa, na zagi marubutan da ke cikin akwatina ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Na kai ga Tabawa ma. Shekara talatin da huɗu mace tana saƙa labari a bayan kujerata, ba ta taɓa taɓo kafaɗata ta ce juyo ba. Na san amsar da za ta ba ni, shi ya sa na fi jin haushi.

Washegari bayan an ci tuwo na kira Khaulat. Ban ɓoye mata ba. Na ce ƙarshen ba ya Jiratawa, ba ya ko'ina, kakarta ta tafi da shi.

Ta ce, "To haka za ta yi ta tsayuwa?"

Na ce, "A'a. Faɗa mini daga farko. Duka. Kada ki tsallake komi."

Ta dube ni da zargi, sa'an nan ta zauna, ta naɗe ƙafa yadda kakarta take yi, ta fara. Tsahara ɗiyar masu noman gero ce. Shekara uku ba a yi ruwa ba a garinsu. Ta bi akuyarta da ta faɗa busasshiyar rijiya a bakin gulbi, ta ɓulla wani gari a ƙarƙashin ƙasa, inda kifaye ke tafiya da ƙafa suna sayar da gishiri. Wata tsohuwa ta ba ta ludayi fasasshe mai magana, amma ba ya faɗin gaskiya sai an lasa masa fura. Khaulat tana yin muryar ludayin ta hanci. Na kama kaina ina son in ji abin da zai ce. Ya fi rabin abin da ke cikin akwatina, kuma ni na san abin da nake faɗi, aikina ne.

Ludayin ya gaya wa Tsahara cewa ruwan saman garinsu duka yana kulle a cikin wani babban rumbu, kuma sarkin rumbun ne ke riƙe da shi.

Na ce, "Mugu ne?"

"A'a. Kaka ta ce ba mugu ba ne. Shi dai ba shi juyowa. Kullum yana zaune ya ba mutane baya, yana duba busassun ganye masu zane-zane. Yana da ido huɗu, biyu a fuska, biyu bisa hanci. In zai yi magana sai ya yi gyaran murya sau biyu, hm-hm, sa'an nan ya ce wa kowa kuskure ne."

Ta faɗe shi ba tare da ta ɗago kai ba. Ba ta gane ba. Na cire tabarau na riƙe a hannu.

"Tsahara ta yi sallama sau bakwai bai amsa ba. Ta tsaya bakin rumbu da ludayinta. Nan Kaka ta ce sai gobe." Ta matso. "To, ya buɗe?"

Na ji gyaran murya ya taso mini, na danne shi.

Na ce, "Ya juyo, ya ga yarinya, tausayi ya kama shi, ya ɗauko mabuɗi."

Ta ce, "Ƙarya ne. Ba shi juyowa. Kaka ta faɗi."

Gaskiyarta. Na sake.

Na ce Tsahara ta daina sallama. Ta lasa wa ludayi sauran furar da ke gareta, ludayi ya ce mata rumbu daga gindi yake da rauni, inda gara ta ci. Ta durƙusa ta yi ta ƙwaƙula da bakin ludayin, akuya na taya ta da ƙaho, har ludayin ya dare biyu yana zagin kowa ta hanci. Ruwa ya fara tsiyaya, sa'an nan gindin rumbun ya ɓalle gaba ɗaya. Ruwan ya cika garin ƙasa, kifaye suka yar da gishirinsu suka tuna iyo, ya hau rijiya da Tsahara da akuya bisa kansa, ya watsa su tsakiyar gonar ubanta. Aka yi kwana uku ana ruwa. Tsahara ta zauna bisa kunyar gona ta miƙe ƙafafunta.

Khaulat ta sauke numfashi. Ta miƙe nata ƙafafun ita ma.

"Sarkin fa?"

"Ruwa ya jiƙe ganyensa duka, zanen ya wanke. Da ya juyo babu kowa a wurin."

"Ya mutu?"

Na ce, "A'a. Irinsu daɗewa suke yi. Tashi ki kai kwanon nan ciki."