Bijiman da Ba a Huda wa Hanci Ba

Garken da mahaifin Ukasha ya bari a bayan garin Babura, a da idan ya tare titi sai mota ta kashe inji ta jira. Ciwo ya ci rabi, ɓarayi suka kwashi rabonsu, biki da suna suka lashe sauran. Abin da ya rage wa Ukasha bijimai biyu ne, Daneri fari da Ɓaleri baƙi, sai kuma girman kan da zai ishi mai shanu ɗari.

Da bazara ta yi nisa, rumbu ya koma ɗakin ɓeraye, matarsa Shatu ta gaji da kara.

"Baban Ma'u, ko dai su ciyar da mu, ko mahauta su ci su. Ni kam na ƙoshi da kallon ƙaho."

Sayarwa dai ya rantse ba zai yi ba. Sai ya nemo tsohuwar garma da karkiya, ya shiga ayarin masu huɗa. Mutanen nan duk shekara suna kora shanun nomansu zuwa duk inda ruwa ya fara sauka, su yi wa masu gonaki aiki kafin nasu yankin ya jiƙa. Bana an ce wajen Roni da Gwiwa ne aka yi dace. Madugunsu wani gajeren tsoho ne, Na'Allah, wanda goro ya gama da haƙoransa.

Ranar tashi Na'Allah ya zagaya bijiman Ukasha, ya leƙa hancinsu.

"Ɗan Fillo, ina igiya?"

"Baba, shanuna ai ba jakai ba ne. Murya suke ji."

"Kawo mu huda musu yau. Kafin mu isa sun warke."

Ukasha ya yi wata 'yar dariya ta gefen baki. Shi a ganinsa wanda ya zura wa sa igiya a hanci bai san darajar sa ba, ko da yake ina Bahaushe zai sani, mutumin da yake sayen dabba a kasuwa kamar buhun gishiri. Ko kunyar gona ɗaya Ukasha bai gwada ja a bayan gida ba kafin tafiyar, don kada maƙwabta su gan shi yana ɗaura wa shanun ubansa karkiya.

Ba su bi kwalta ba. Burtali suka kama ta bayan Yankwashi, cikin sabara da geza, inda sai a yi wuni ba a ga rufin kwano ba. Amalanke biyu ne ke ɗauke da garemani da garin kwaki da jarkokin ruwa. Inda rafi ya ƙafe sai su tona yashi su jira ruwa ya taru, a shayar da dabbobi kafin mutane. Ukasha kullum yana can gaba, sanda a gicciye bisa kafaɗa, bijimansa na biye da shi babu igiya babu bulala. Yakan waiwayo ya ga sauran suna fizgar hancin nasu, sai ya tsartar da yawu. Abincinsa ma a gefe yake ci. Da suka yada zango kusa da wata ruga a gindin duwatsun Kazaure, har da Fulatanci ya shaida wa masu rugar cewa shi rakiya kawai ya yo, alhali ga garmarsa nan a amalanke kowa na gani.

Aikin kuwa ya yi ta gudunsu. Nan a ce tarakta ta riga su, can a ce ruwan bai kai a sa garma ba, gaba kuma mai gonar na da nasa shanun. Suka ratsa ƙauyukan Roni suna sallama ana ba su haƙuri. Garin kwaki ya ja baya. Haƙarƙarin Daneri ya fara fitowa, kuma wannan ya fi yunwar cikinsa damun Ukasha, don tsoro ya fara shigarsa da gaske.

A wani lungu na ƙasar Gwiwa suka ji labarin gonar Alhaji Musaddiƙ, tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma, wadda ido ba ya ganin ƙarshenta. Taraktar da ya ɗauko ta mutu a bakin gona, ga ƙasa ta jiƙa tana neman bushewa. Suka same shi zaune cikin mota, gilashi a sauke rabi. Irin manoman nan ne da ba sa yarda takalminsu ya taɓa gonarsu.

Na'Allah ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, masu huɗa ne daga Babura."

"Kowa ya ja min kunya ɗaya in gani. Ba na son wasan yara."

Ɗaya bayan ɗaya suka ja, miƙaƙƙiya. Da layi ya zo kan Ukasha ya ɗaura karkiya, bijiman suka tsaya masa lafiya lau, ya dubi jama'a a ɗage. Ya koma baya ya kama garma, ya yi musu kiran da ya saba.

Tun suna maruƙa, idan suka ji wannan kira wurin mai shi suke nufa. Mai shi kuwa yau yana bayansu. Daneri ya juyo ta dama, Ɓaleri ya juyo ta hagu, karkiya ta murɗe, garma ta kife. Ya gyara ya sake kira, suka sake juyowa, wannan karon tare, suka zana wa Alhaji wani ƙaton da'ira a tsakiyar gona, suka zo suka tsaya suna shinshinar rigar ubangidansu.

Dariya har da masu riƙe ciki. Alhaji ya sauke gilashin gaba ɗaya don ya more kallo.

"Madugu, wannan rawa ya zo koya musu ko noma?"

"Ranka ya daɗe," in ji Ukasha, "idan na shiga gaba za su bi ni. Wani ya riƙe garmar."

"In ɗauki ƙato biyu a garma ɗaya? Kai ma ka sa wuya a karkiyar mana, ku zama uku."

Ya ɗage gilashinsa. Sauran suka samu aikin, ban da Ukasha.

Da la'asar Ukasha ya je inda Na'Allah ke ba shanunsa harawa.

"Baba, a huda musu."

Tsohon ya ajiye harawar. Ya feƙe tsinken itace, aka kawo igiya. Da wani ne ya matso da abin nan, da Daneri ya watsa taron da ƙaho. Ukasha ne ya rungume wuyansa yana yi masa magana a kunne, bijimin ya miƙa kai cikin yarda, tsinke ya shige. Kukan da ya yi har cikin hanjin Ukasha. Ɓaleri sai da aka kayar da shi.

Da gari ya waye hancin duka biyun ya kumbura suntum, ko ƙuda ya sauka sai sun zabura. Ukasha ya ɗauko karkiya. Na'Allah ya riƙe masa hannu.

"Ina za ka? Ka ja igiyar nan yau, hancin ya yage. Sai sun warke."

"Yaushe ke nan?"

"Ba kafin ƙasar nan ta bushe ba."

Haka ya zauna a gindin wata kuka yana kallon mutanen da ya raina suna cinye gonar kunya bayan kunya, har suka kai ƙarshenta, suka fara ɗaura kaya don komawa gida. Na'Allah ne ke aiko masa da tuwo, yana kuma cinyewa tas.

Ranar da ayari zai juya, wani dillalin shanu ya biyo ta hanyar a kan babur. Ya rage gudu, ya dubi haƙarƙarin bijiman, ya dubi mai su, ya kashe inji.

"Malam, na sayarwa ne?"

Ukasha ya sunkuyar da kai. Dillalin ya sauko ya fara latsa cinyar Daneri, shi kuwa ya matsa gefe ya ba shi wuri.