Yau Nawa Ga Wata?

Gidan hayar da ke bayan masu gyaran keke a Sabon Gari ɗaki shida ne, famfo ɗaya. A ɗakin ƙurya Baba Idirisa da matarsa Inna Tsahara suka yi shekara ashirin da uku. Da can shi albasa yake sarowa daga Jiratawa, har ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Ita zogale take kwaɗawa a ƙofar gida. Ba su da ɗa mai rai, ba su da fili ko na ɗaure akuya. Bango ɗaya ya raba su da ɗakin iyayen Tahira, yarinya 'yar shekara tara mai zuwa lakwal, makarantar boko.

Da tsohon maigidan ya rasu, ɗansa Maman Lawali ya gaji gidan. Ba mugu ba ne, garin ne ya canza. Ɗalibai sun cika Maraɗi, ga ma'aikata, ga mutanen ƙauyukan iyaka da suka guje wa tashin hankali, kowa na neman inda zai sa kansa. Ɗakin jikka bakwai ya koma jikka ashirin. Wanda bai iya ba, irin su Baba, an ba shi zuwa ƙarshen watan Mayu.

Wuri ɗaya Inna ke da shi. Rahma, ɗiyar ƙanenta, ta tada mata bangon ɗaki a Jiratawa, amma rufi sai an yi kaka an sayar da hatsi.

Tun daga nan Baba ya ɗauki wata ɗabi'a. Kowace safiya sai ya buga bango sau uku da moɗarsa.

"Malama Tahira, yau nawa ga watan nasara?"

Ita ce mai rubuta kwanan wata a allon ajinsu, ba ta kuskure. Sai ta leƙa ta faɗa masa. Ya lumshe ido, leɓunansa na motsi.

Ran sha tara wani dillali ya kawo wani saurayi ganin ɗaki. Suka tsaya kan tsohon yana kwance, saurayin na auna bango da taku.

"In an yi fenti sai ka rantse sabo ne," in ji dillali.

"Yaro, kula da kusurwar can," Baba ya ce daga tabarma. "Tana yoyo. Ka aje bokiti."

Ran ashirin da huɗu Bawa, ƙanen Baba, ya zo daga Tibiri da adaidaita. Tahira na tsugune bakin famfo tana wanke kwanuka.

"Yaya, tashi mu tai gida. Mi kake jira cikin ɗakin mutane?"

"Ita fa?"

"Kai ka san gidana. Zaure ɗai ya rage. Inna ta lallaɓa wajen Rahma."

"Ƙarƙashin ruwan sama?"

"To ko asibiti mu kai ka."

"Su ƙara mini sati biyu, in tashi in iske kayanmu bisa titi? Bawa, sallami mai adaidaita. Nan nika."

Bawa ya fita yana share ido da hularsa. Inna ta ci gaba da tsinke zogale, ganyen na zuba gefen tire ba ta lura ba.

Kwanakin suka yi ta tafiya. Bugun bangon ya rage ƙarfi, har sai Tahira ta kara kunne take ji. Ran ashirin da tara ta shiga da jakarta a kafaɗa, ta faɗa masa. Ya daɗe yana kallon rufin kwano.

"Saura biyu ke nan."

"I, Baba."

"To. Je ki, Malama, kar ki makara. Ni ma ba ni son in makara."

Da ta taso da azahar, ta tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, inda tiren zogale yake zama. An riga an kai Baba makwancinsa.

Ran ɗaya ga sabon wata Maman Lawali ya shigo da dillali, saurayin na biye da katifa a kai. Matan gida suna tsakar gida. Inna na zaune cikin ɗakin, lulluɓe da zane marar ado, carbi a hannu. Uwar Tahira ta miƙe ta tsaya a bakin ƙofa.

"Alhaji, takaba take."

Kowa a wurin ya san mace tana takaba ne a ɗakin da mijinta ya bar ta, wata huɗu da kwana goma.

Dillali ya matso. "Alhaji, yaron ga ya riga ya biya."

Maman Lawali ya dubi labulen, ya dubi matan. Ya cire takalmi, ya durƙusa daga waje.

"Inna, ya haƙuri? Allah shi jiƙan Baba." Ya juya ga dillali. "Maida mishi abinshi. Da wace fuska zan shiga masallaci?"

Saurayin ya juya da katifarsa, ta gogi bangon zaure.

Bayan haka Tahira ta riƙa farkawa kowace safiya da jin bugu uku a bango. Uwarta ta ce kwano ne ke motsi in rana ta taɓa shi. Duk da haka takan matsa kusa ta faɗi kwanan wata a hankali, can gefe kuma ta ji carbin Inna ya tsaya, sannan ya ci gaba.

Wata rana a aji, bayan ta rubuta kwanan wata, ta tsaya da alli a hannu tana lissafi da yatsu. Yuni, Yuli, Agusta, Satumba, da kwana goma. Ƙarshen takabar Inna ya faɗa daidai lokacin da ake yanke hatsi a Jiratawa.

A nan Tahira ta gane. Baba bai ji tsoron ƙarshen wata ba. Tsoronsa kada ya zo ya same shi da rai.