Mutum Shida a Kan Fayil ɗin Yayana

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka kashe yayana a ƙofar shagonsa, kuma duk shekara sai na je ofishin 'yan sanda na ji inda aka kwana. Bana na tarar da sabon sufeto, shi ne na tara da aka ɗora wa aikin. Sai da aka ɗaga teburinsa kafin a zaro fayil ɗin, don da shi aka tokare ƙafar da ke rawa.

Ya karkaɗe shi, ya gyara murya. "Mama, ki kwantar da hankalinki. Ana samun ci gaba. Mutum shida muka sa a kan aikin nan."

"Karanto min su, ranka ya daɗe."

Ya karanto. Na farko ya yi ritaya, kaji yake kiwo, a wurinsa ma nake sayen ƙwai. Na biyu an mai da shi bakin titi yana ba motoci hannu. Na uku ya tafi kwas tun ina da haƙoran gaba. Na huɗu shi ne sufeton da kansa, wanda ɗazu ya tambaye ni ko mamacin mace ce.

"Na biyar da na shida kuma suna can bakin aiki," in ji shi.

Na gyara mayafina na miƙe. "Ai ni na je gaisuwar rasuwarsu. Maƙabarta ɗaya suke da yayana, layi ɗaya ma. Don Allah kada a cire su, ranka ya daɗe. A duk ofishin nan su kaɗai ne suka matsa kusa da shi."