Labulen Alhaji Abdulƙahar

Alhaji Abdulƙahar mai motocin haya ya taɓa neman kujerar delege, wato mai unguwar Zongo, ya kuwa sha ƙasa. Abin da ya tsira da shi daga zaɓen nan dila guda ce ta atamfa mai hoton fuskarsa, yana murmushi har kunne. Shekara uku tana jibge a ɗaki, ba mai ambatonta.

Sai 'yarsa Labiba, malamar lekol, wato makarantar boko, ta rubuta wasan kwaikwayo kan wani ɗan siyasa mai daɗin baki, wanda ya ci zaɓe ya sayar da famfon unguwa. Ranar wasa aka rasa labulen dandamali. Ita kuwa Labiba tsoro ba ya zuwa mata sai ta gama ɓarna. Ta yago turmi biyu daga dilar nan aka rataya, a zatonta Baba yana tasha.

Bayan la'asar sai ga shi a sahun gaba, da carbinsa. Wayyo Labiba! Mutumin nan da ta fi so a duniya, yau ita za ta fama masa tsohon miki a gaban Zongo kaf.

Dramane ɗan zemijan, mai ɗaukar fasinja a babur, shi ya fito a ɗan siyasar. Da aka zo wurin cin zaɓe, mata suka rangaɗa guɗa, aka ɗaga Dramane sama, ga fuskar Alhaji goma sha biyu a bayansa tana ta murmushi. Jama'a kuwa har da masu faɗuwa daga benci don dariya. Alhaji ko motsi bai yi ba.

Da aka watse, Labiba ta durƙusa a gabansa.

"Baba, ka yafe mini. Wallahi ba da kai nake ba."

"Na sani," in ji shi. "Ni da ko famfon gidana ban iya sayarwa ba."

Ya daɗe yana kallon labulen, idonsa ya yi ja.

"Gobe ma za ku yi?"

"Idan ka hana, an fasa."

"Wa ya ce na hana? Wurin nan da aka ce na ci, aka yi guɗa, ki ƙara masa tsawo kaɗan. Ban taɓa jin yadda yake ba."